Gyaran rubutu a bainar jama'a: taimako ne ko cin fuska?

Uwar_Biyu_Marwa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a maƙoshi tun jiya, na kasa haɗiyewa. Wani ɗan'uwanmu ya kawo sanarwar rasuwar mahaifiyarsa da sassafe, ya rubuta yadda hannunsa ya saba: "Allah yayima mamana rasouwa djiya da dare, djana'iza karfe goma." Ana ta yi masa gaisuwa, sai ga wani ya faɗo, ko Allah ya jiƙan rai bai ce ba, wai "rasuwa ake rubutawa, jiya ba djiya ba, ƙarfe kuma da ƙ mai ƙugiya ne." Ba a jima ba mutumin ya goge sanarwar baki ɗaya, har wasu suka rasa jana'izar don ba su gani ba. Ban kama suna ba. Abin da nake tambaya shi ne, mu da ba wanda ya taɓa zaunar da mu a aji ya koya mana rubutun Hausa, wa ya ba wani izinin ya riƙa bin mu da jan biro? Ko kuwa ni ce ban gane ba, gyara dole ne ko a ina?

Direban_Kamyo:
Subhanallahi. A kan gawa? Wannan ba ilimi ba ne Hajiya, rashin ta-ido ne kawai.

Mai_Albasa_Garwa:
Hajiya, a kan sanarwar rasuwa ina bayanki, bai kamata ba. Amma kada mu zubar da gyaran duka, don ni ya taɓa ci na. Bara ina Duwala da lodin albasa, na aika wa tsohuwata sefa dubu hamsin ta hannun yaron shagona. Da dare na tambayi ƙanena ko saƙo ya isa, ya rubuto mini "yaron ya bata kudin". Ni kuwa na karanta ya ɓata kuɗin. Dama raina a ɓace yake, kasuwa ta faɗi, albasa ta fara tsiro a cikin buhu. Na kira yaron nan na wanke shi tas, har da cewa ya ajiye mini makullin shago. Yana ta rantsuwa ina kashe waya. Sai da gari ya waye tsohuwa ta kira tana sa mini albarka. Ashe "ya ba ta kuɗin" ƙanen nawa yake nufi. Tazara ɗaya tsakanin ba da ta, ita ta sa na zagi ɗan mutane a banza. Har yau idan muka haɗa ido da shi kunya nake ji.

Tela_Ngaundare:
Ni ma wata ta taɓa rubuto mini "a sa mini baki a wuyan rigar". Na ɗauka bakin wuya take so a naɗe, ashe baƙin zare take so a yi mata aiki da shi. Sai da na farke.

Metir_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, ku ba ni wuri in yi magana, don shekara talatin da wani abu na yi ina riƙe da jan biron da Hajiya take faɗa. Wanda ya rubuta "djiya" da "rasouwa" ba jahili ba ne. Da ƙa'ida ya rubuta, sai dai ƙa'idar Faransanci ce. A lekol, wato makarantar boko ta Faransanci, mun koya masa cewa u shi kaɗai ba ya ba da sautin da ke cikin kuɗi sai an haɗa o da u. Mun koya masa cewa j tana da wani sauti daban, don haka in yana son na jiya sai ya sa d a gaba. Mun koya masa cewa c a gaban i sautin s take bayarwa, to in ya ga "ci abinci" a rubutun Kano, idonsa "si abinsi" yake karantawa, shi ya sa yake rubuta "tchi abintchi" don ya tsira. Ku dubi katin ɗan ƙasa na kowannenku: Ousmanou, Aboubakar, Aïssatou. Ku dubi allon shiga gari: Garoua, Maroua, Kousseri. Ita kanta kalmar Hausa, Haoussa ake rubuta ta a takardun hukuma. Mutum ya tashi a cikin wannan tun yana shekara shida, ka zo rana ɗaya ka ce masa bai iya rubutu ba?

Kuma akwai tsohon miki a nan. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ta Kamaru ko a Cadi ya san dikte. Malami yana karantawa kana rubutawa, kuskure kaɗan ka tashi da sifili, a kira makinka a gaban aji a yi dariya. A zamaninmu har da sambol: in aka kama ka kana Hausa ko Fillanci a harabar makaranta, a rataya maka ƙashi ko wani tarkace a wuya, ba za ka rabu da shi ba sai ka kama wani. Ni an rataya mini, ni ma, Allah ya yafe mini, na rataya wa wasu. To yaron da aka hukunta jiya don ya yi Hausa, yau ya girma ya ɗauki waya ya yi ƙarfin hali ya rubuta Hausar, sai kuma a sake tsayar da shi a gaban aji. Me kuke tsammani zai yi? Komawa Faransanci zai yi, inda aƙalla ya san inda ramukan suke.

Uwar_Biyu_Marwa:
Allah ya saka da alheri Baba Metir. Wallahi da na ga gyaran nan jiya, ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare, ne ya faɗo mini a rai.

Bokon_Hausa:
To, tunda an yi zagi a kasuwa, na san da ni ake. Ni ne na yi gyaran jiya. Na yi kuskuren wuri, na yarda, kuma na nemi lambarsa zan kira shi in ba shi haƙuri. Ban karanta saƙon da zuciya ba, da ido kawai na karanta, abin ya riga ya zame mini jiki. Amma a bar ni in kare gyaran kansa. Ni ɗan Garwa ne, a Kano na yi karatun Hausa, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake ɗaukar rubutun Hausa kamar ba shi da mai shi. Yana da shi. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko. A shekarun 1930 aka zaunar da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 da wannan rubutu. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an sake zama a Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Mutane sun ƙarar da rayuwarsu a kan abin nan. Mutumin da zai ji kunyar manta s a ƙarshen jam'in Faransanci, shi ne zai ce maka "ai Hausa ce, an dai gane". In muka ci gaba a haka za'a wayi gari ɗan Marwa da ɗan Katsina ba sa iya karanta saƙon juna.

'Yar_Jami'a:
Yaya Bokon_Hausa, "za a" ake rubutawa, ba a sa ɗauri a tsakani. Kalmomi biyu ne.

Direban_Kamyo:
Hahaha! Wanzami ba ya son jarfa. Yarinya Allah ya yi miki albarka.

Bokon_Hausa:
Na karɓa ƙanwata, gaskiyarki. Kun ga ni ban goge saƙona ba.

Uwar_Biyu_Marwa:
Ai kai ba uwarka aka shimfiɗe a ɗaki ba, shi ya sa ba ka goge ba. Kuma kai da digirinka a aljihu, in an gyara maka kalma ɗaya ba abin da ya ragu a jikinka. Wanda Hausar baka kaɗai ya gada, in ka taɓa rubutunsa, ji yake kamar ka ce masa shi ba Bahaushe ba ne.

Ɗan_Injamena:
Maganar Hajiya ta ƙarshen nan ita ce tawa. Mu a Injamena Larabcin Cadi ne a kasuwa, Faransanci da Larabci a ofis, Hausa sai a gida da wurin 'yan'uwa. Kakana daga ƙasar Hausa ya taso da niyyar hajji ta ƙasa, ya yada zango a nan, zaman ya zama na dindindin. Hausar da ya bar mana ita muke riƙe da ita. Da na shiga wani zaure na 'yan Nijeriya na rubuta "motan nan mai kyau ne", sai wani ya ce mini wai wannan Hausar 'yan koyo ce, mota mace ce, "motar nan mai kyau ce" ake cewa. Wasu suka biyo da dariya. Tun ranar ban ƙara rubuta komai a can ba, sai saƙon murya, daga baya ma na fita. Yanzu ina rubuta wannan ne a hankali, ina duba kowace kalma sau biyu kamar mai tsallaka gadar Ngeli da kayan da ba a biya wa kwastan ba.

Malam_Nahawu:
Ɗan_Injamena, wanda ya ce maka Hausar 'yan koyo bai zaga ƙasar Hausa ba. A Zariya da Bauchi za ka ji haifaffun Hausawa suna cewa "motan" da "rigan". Basakkwace "biyat" yake cewa inda Bakano ke cewa "biyar", kuma "shi na" da "ita ta" a wurin "shi ne" da "ita ce". Wannan karin harshe ne, ba kuskure ba. Daidaitacciyar Hausa an ɗora ta ne galibi a kan karin Kano don a sami abu ɗaya na littafi da jarida da makaranta. Saboda haka mu raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa a nan. Akwai yadda mutum yake magana a garinsu, wannan ba hurumin kowa ba ne a zauren hira. Akwai kuma yadda ake sa sauti a takarda, irin su ou da dj da raba kalma, wannan ana iya koyonsa cikin mako guda. Na biyun ne ya cuci Mai_Albasa, ba na farkon ba.

Mai_Albasa_Garwa:
Haka ne Malam. Da ƙanena ya rubuta "kudin ne" ko "kudin ce" da ban zagi kowa ba.

Sarkin_Zolaya:
Ni dai tambayata ga Bokon_Hausa. Ka ce muna ɓata rubutu da ou da tch. To su 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka da ke rubuta "xan xo" da "qasa" da "6ata" da lamba shida, har da "ngd" da "slm", su wa ya koya musu? Ko su nasu ba laifi ba ne tunda ba Faransa ce ta kawo ba? Kuma ƙasar Ɗan_Injamena, gidajen rediyo da yawa "Chadi" suke rubutawa da ch, alhali ƙa'idarka ta ce c. Je ka fara gyara musu tukuna.

Bokon_Hausa:
Su ma ina gyara musu, shi ya sa an kore ni daga zaure biyu. Laifin ɗaya ne. Shi q da 6 ɗin ma aƙalla alama ce mutum ya san akwai bambanci tsakanin k da ƙ, madanninsa ne ba shi da harafin.

Mai_Gyaran_Waya_Kusuri:
Wannan matsalar madannin ta ƙare fa tun tuni, mutane ne ba su sani ba. In wayarka Android ce, ka shiga saitin Gboard, wajen harsuna, ka ƙara Hausa. Baƙaƙen masu ƙugiya duk suna ciki. Abin da ya fi cutar mutanenmu shi ne wayar tana kan Faransanci, tana canza musu kalma da kanta ba su lura ba. Kullum sai an kawo mini waya an ce "tana rubuta abin da ban ce ba". Duk wanda ke Kusuri ya kawo in saita masa, ba na karɓar ko dala.

Direban_Kamyo:
Ni wayata ƙarama ce mai maɓalli, a kan hanya ita ke riƙe caji. Babbar sai na sauka. In ga "daki" ka gane ɗaki nake nufi, ba wanda ke dakan gero a cikin kamyo, wato babbar mota.

Goggo_Mai_Yaƙi_da_Jahilci:
Ina so in ƙara wani abu da ba a faɗa ba. Baƙaƙen nan ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Ni na koyar da manya karatu da Fillanci, kuma ɓ da ɗ da ƴ duk suna cikin rubutun Fillanci, c ɗin ma sautin tch take bayarwa kamar a Hausa. Taron Bamako da Bokon_Hausa ya ambata ai har da Fillanci da Barbarci aka zauna a kansu. Kamaru ma tana da jerin baƙaƙe na bai-ɗaya don harsunan ƙasa tun 1979. Wanda ya iya rubuta ɓiɗɗo ba zai kasa rubuta ɓarawo ba. Bambancin da ke rikita ɗalibaina shi ne Fillanci yana ninka wasali mai tsawo, a rubuta aa ko oo, Hausa kuwa ba ta nuna tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Sai ka ga sun rubuta "gidaa" da "raanaa". Ban taɓa ce wa ɗayansu ya yi kuskure ba. Nakan rubuta nawa a ƙarƙashin nasa in ce ya karanta duka biyun. Mace mai jika takwas ba a tsayar da ita a ce mata ta faɗi.

Alaramma_Na_Tsangaya:
Assalamu alaikum. Yaro ne ke rubuta mini, ni ajami na iya. Iyayenmu sun yi wasiƙa da ajami daga Garwa zuwa Yola, daga Marwa zuwa Maiduguri, an yi ciniki, an ƙulla aure, kowane malami da ɗan salon hannunsa, ba a fasa fahimtar juna ba. Amma kada a ce mu ba mu san gyara ba. A tsangaya wasali ɗaya in ya kauce a allo ba a barinsa ya kwana. Sai dai ku lura da yadda ake yi: almajiri ne yake ɗauko allonsa ya durƙusa ya miƙa wa malam. Malam ba ya bin mutane kasuwa yana leƙa takardun aljihunsu. Wanda ya miƙo allo a gyara masa.

Bokon_Hausa:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma in ba wanda ya miƙo allon fa? Shekara uku ina zauren nan, mutum biyu ne suka taɓa tambayata yadda ake rubuta wani abu.

Goggo_Mai_Yaƙi_da_Jahilci:
Ɗana, wa zai miƙa allo ga malamin da bulala ke hannunsa tun kafin a yi sallama?

Shugaban_Zaure:
Jama'a, na karanta duka. Ga shawarar da nake gani, ku duba. Sanarwar rasuwa, rashin lafiya, cigiya da neman taimako, ba gyara a ƙarƙashinsu ko kaɗan, sai in kuskuren ya taɓa lokaci ko wuri ko adadin kuɗi, shi ma tambaya za a yi: "ƙarfe goma na safe kake nufi?" Sauran hira kuwa, wanda ya ga kuskure ya bi mutum ta saƙon sirri. Sannan mu ware ranar Lahadi, Bokon_Hausa da Malam_Nahawu su riƙa kawo darasi ɗaya gajere, ba tare da an ɗauko rubutun kowa a matsayin misali ba.

Amaryar_Mokolo:
Shugaba, wannan na saƙon sirrin ban yarda ba sam. Yanzu ma ya muka ƙare da masu "salam 'yar'uwa" da tsakar dare, balle an ba su hujja? Gobe wani ya shigo mini wai ya zo gyara mini ɗ, maigida ya gani, wa zai yi masa bayanin nahawu? In gyara ne a yi mini a fili inda kowa ke gani, ko mace ta gyara wa mace.

Sarkin_Zolaya:
"Ranki ya daɗe na ga ƙugiyarki ta faɗi ne na zo in ɗaga miki." Wallahi Amarya ta fi mu hangen nesa.

'Yar_Jami'a:
Ni kuma ina ganin ba duka rubutu ne ɗaya ba. Hirar dare daban. Amma wanda zai buga katin biki, ko allon shago, ko takardar ƙungiya, ko ya sa waƙarsa ya ce a ba shi ra'ayi, wannan ya riga ya miƙo allo, in ji Alaramma. A Marwa akwai shagon da na wuce an rubuta "Tchin abintchi mai dadi" da fenti, harafi kamar tsawon hannuna. Wannan shekara nawa zai yi yara suna karantawa suna ɗauka haka ne? Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, kowa sai ya sa hoto da babbar riga yana alfahari da harshe, amma rubutun da ke ƙarƙashin hoton ba ya karantuwa.

Metir_Mai_Ritaya:
'Yata, mai shagon nan don masu wucewa ya rubuta, kuma masu wucewa lekol suka yi. In ya rubuta "cin abinci" rabinsu "sin abinsi" za su karanta. Ba ina kare shi ba ne, ina nuna miki inda gizo ke saƙa. Muddin yaro zai gama makaranta bai taɓa ganin shafi ɗaya na Hausa a aji ba, mai fenti zai ci gaba da bin idon masu sayen abincinsa. Ni kaina sai bayan na yi ritaya na koyi raba "ya zo" da haɗa "yana", ta hanyar karanta labarai a shafukan BBC da RFI na Hausa, ina kwafa a kaye, wato littafin rubutu, kamar ɗan aji ɗaya.

Malam_Nahawu:
Darasin Lahadi na karɓa, Shugaba. Zan fara da raba kalma, don ita ta fi ƙugiya haddasa rigima: ba ta, bata, ɓata, ma ta da mata, ya ƙi da yaƙi. Amma batun hana gyara a fili gaba ɗaya ban gamsu ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, in an iya faɗa.

Uwar_Biyu_Marwa:
"In an iya faɗa" ɗin nan ai shi ne duka rigimar, Malam. Kowa gani yake ya iya.

Ɗan_Hajiya_Mai_Rasuwa:
Salam alaikoum. Nine wanda akayi ma rasouwa. Nagode da addou'a. Malam Boko ya kirani moun yi magana, ba komai, na yafe. Ban goge don fouchi ba, kounya naji. Gobe ne sadakan oukou bayan sallan asouba a gida. Wanda ya samou dama ya zo.

Bokon_Hausa:
Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashi. In sha Allahu da ni za a yi.

Alaramma_Na_Tsangaya:
Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta.

Direban_Kamyo:
Amin. Yau da dare nake shigowa Marwa daga Mora. Wani ya turo mini kwatancen gidan, da murya don Allah, ina tuƙi.